Watan Da Kalilu Ya Gani Shi Kaɗai

Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, rana na gab da faɗuwa, Kalilu yana tsaye a kan jigawar da ke yamma da ƙauyen Tudun Yelwa, riƙe da doguwar gora, yana kaɗo wa awakin matarsa 'ya'yan gawo. Ba duban wata ya fito ba. Hasali ma, idan akwai mutum guda a duk ƙasar Baure da ya ƙudurta tsakaninsa da Ubangijinsa cewa ba zai ƙara neman jinjirin wata da idonsa ba, to Kalilu ne. Sai dai mai kaɗar gawo ba shi da inda zai duba in ba sama ba.

Bazara ce. Gajimare ya yi tsibi a yamma, irin wanda ke yi wa manoma alkawari ya wuce bai cika ba. Cikin ikon Allah sai ya tsage kaɗan, daidai tsakanin rassa biyu na gawon, kuma a cikin tsagar nan ga shi: siriri kamar yankan farce, ƙahonninsa suna duban sama, ya ɗan karkata wajen kudu.

Kalilu ya rufe ido, ya buɗe. Yana nan. Ya juya ya dubi gabas har wuyansa ya huta, ya sake juyowa. Yana nan. Ya karanta addu'ar ganin wata kamar yadda aka koya masa tun yana ƙarami. Da ya shafa, sai ya ce a hankali, "Ya Ubangiji, duk mutanen garin nan, masu ido da masu mutunci, sai ni?"

Gajimaren ya haɗe, watan ya ɓace.

Wanda bai san Kalilu ba zai yi mamakin yadda Musulmi zai ga alheri irin wannan ya tsorata. Allah Ya jarrabce shi da wani ciwo wanda likitansa na Katsina ya gaya masa sunansa da Turanci, sa'an nan ya bayyana masa cewa ciwo ne mai hawa da sauka. Idan ya hau, barci ya ƙaurace wa Kalilu, magana ta riƙa fita daga bakinsa kafin tunani ya iso, ya ji babu abin da ya fi ƙarfinsa a doron ƙasa. A irin wannan hali ya taɓa auna filin kasuwar Babban Mutum da igiya, domin yana da niyyar rufe ta duka da kwano kafin Juma'a. Idan kuma ciwon ya sauka, sai ya kwanta ya fuskanci bango, ko kiran salla ya zama kamar daga wani gari ake yinsa. Lokacin da yake acaɓa tsakanin Babban Mutum da Daura, abokan sana'a suka nuna masa taramol, don ya tashi idan ya faɗi, suka kuma nuna masa kodin, don ya sauko idan ya hau. Bai ankara ba, ciwo ɗaya ya zama biyu. An yi turare, an yi tofi, an ɗaure shi da igiyar shanu, kafin limamin garin, Malam Dabo, ya ce wannan ba aikin aljani ba ne, a kai shi asibiti, domin Wanda Ya saukar da cuta Shi ne Ya sanar da likita magani.

Yanzu ya daɗe da barin kwalba da ƙwaya. An sayar da babur ɗin. Duk wata yakan shiga mota zuwa Daura ya karɓo maganinsa, kuma likita ya yarje masa azumi, ya mayar masa da shan maganin bayan buɗa-baki da lokacin sahur, da sharaɗin kada ya yi wasa da barci. Jiki ya dawo, hankali ya zauna. Abu guda ne bai dawo ba, shi ne maganarsa a kunnen matarsa Ikilima.

Ga yadda ta ɓace. A ƙarshen wani azumi, ciwon yana kan ganiyarsa, kodin kuma na taya shi, Kalilu ya shigo gida ya shaida wa Ikilima cewa ya ga watan Salla, an tabbatar a Daura, har ma an kira shi ta waya an yi masa godiya. Ba ƙarya ya yi ba, domin shi ma ya gaskata. Ikilima kuwa ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba. Ta sa aka yanka zakarunta, ta yi tuwon shinkafa, da gari ya waye ta ci ado, ta ci abinci ta ƙoshi, ta shiga gidajen maƙwabta da langa a ka tana yi musu barka da Salla, alhali kowa bakinsa a bushe yake, da sauran azumi a gaba. Ta rama ranar, amma dariyar matan garin ba ta ramuwa. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti ta zaunar da shi ta ce, "Malam, ina nan, ba inda za ni. Zan dafa maka, zan ba ka maganinka da hannuna. Amma daga yau ko cewa ka yi akuya ta haihu, sai na je na ga 'ya'yan da idona."

Ta kuwa cika. Idan ya ce ya haɗiye magani, sai ta ce ya buɗe baki ya ɗaga harshe. Idan ya ce ya samu jam'i, sai ta dubi goshinsa ko da yashin masallaci. Ba da faɗa take yi ba, ba kuma da raini ba, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo. Kullum cikin sujada abin da yake roƙo bayan gafara shi ne Allah Ya nuna masa ranar da zai faɗi magana, Ikilima ta karɓa ba tare da ta tashi ta duba ba.

To ga shi yau an ba shi maganar da, duk duniya, ita ce ta ƙarshe da za ta karɓa daga bakinsa.

Ya zauna a gindin gawon ya binciki kansa kamar yadda likita ya koya masa. Jiya ya yi barci? Ya yi, har Ikilima ta yi ƙorafin minshari. Tunaninsa na gudu? Zuciyarsa ce kawai ke bugu. Yana da niyyar gina wani abu, ko sayen wani abu, ko auren wata? Babu. Watan ya yi masa magana? Bai yi ba, alhamdu lillahi, wancan na baya kuwa har gaishe shi ya yi. Ya yi sha'awar ya tattara 'ya'yan gawonsa ya tafi gida ya yi shiru. Amma ya san shaida amana ce, kuma wanda ya ga watan Ramadan wajibi ne ya kai labari ga hukuma, ko za a karɓa ko ba za a karɓa ba. Ya yi magariba a nan kan yashi, ya ɗauki buhunsa ya nufi masallaci.

Ya tarar an idar da salla, mutane sun yi cirko-cirko a yammacin masallaci suna duban gajimaren da babu ko huda a jikinsa. Malam Dabo yana zaune a kan buzunsa da carbi, wayarsa a gefe, ko za a kira daga gidan dagaci. Kalilu ya cire takalmi ya durƙusa.

"Allah gafarta Malam, na zo da magana."

"Bismillah, Kalilu."

"Na ga wata."

Bai ɗaga murya ba, amma maganar ta zaga filin kamar an yi ta a lasifika. Sai wani mai shayi daga baya ya ce, "Na azumi, ko na Salla ne ya yi sammako?" Dariya ta ɓarke. Wani dattijo ya ce a bar yaro, wataƙila na Nijar ne ya leƙo, ai jigawar nan rabinta tasu ce. Wani kuma ya ce a aika a gaya wa Ikilima ta ɓoye kaji.

Malam Dabo ya ɗaga hannu. Tsoho ne wanda ya yi karatu a Katsina da Zariya, ba ya fushi, ba ya kuma gaggawa. "Ku ji tsoron Allah," in ji shi. "Mutum ya kawo shaida, ba wasan yara ya kawo ba. Kalilu, a ina ka gan shi?"

"Kan jigawa, ta tsakanin rassan babban gawon nan."

"Tsayinsa daga inda rana ta faɗi?"

"Kamar tsayin mutum, ko ya ɗan fi."

"Ƙahonninsa ina suka dosa?"

"Sama, ya ɗan jirkice wajen kudu. Siriri ne ƙwarai, Malam. Da na ƙifta ido da ya wuce ni."

Malam Dabo ya ja carbinsa. Sa'an nan ya sassauta murya yadda su biyu kaɗai za su ji. "Maganinka fa?"

"Ban tsallake ba."

"Wancan abin kuma?"

"Tun da na tuba ban ko riƙe kwalbar ba, Allah ne shaidata."

Liman ya gyaɗa kai, ya juya ga jama'a. Ya ce siffar da Kalilu ya bayar siffar watan daren farko ce, babu tangarɗa a cikinta. Ya ce ciwo ba zunubi ba ne, wanda ya tuba daga shaye-shaye kuma, aka ga kyawun halinsa tsawon lokaci, ba a riƙe shi da abin da ya wuce. Amma malaman fikihu sun ce ba a ɗora wa gari azumi da ganin mutum ɗaya. "Idan akwai na biyu da ya gani, ya fito. Zan ɗauke su duka zuwa wurin dagaci, daga can a sanar da na gaba, su auna."

Kowa ya dubi na kusa da shi. Kalilu ya shiga roƙo a ransa. Mutum ɗaya kawai. Ko makiyayi, ko matafiyi, ko wanda ya fita kewaye ya ɗaga kai.

"Ni na gani."

Aka dare, Mansur ya shigo tsakiya. Tsohon abokin acaɓar Kalilu ne, wanda shi ne ya fara miƙa masa kwalba, kuma har yau bai ajiye tasa ba. Hularsa a karkace, idanunsa sun yi ja, yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron kada ta fashe. Amma yana ƙaunar Kalilu ƙauna ta gaskiya, kuma ya ji dariyar da aka yi masa.

"Allah gafarta Malam, da idona na gan shi. Siriri. Tsayin mutum. Ƙaho sama, ya jirkice kudu."

"Ka ji da kyau, Mansur," in ji Liman.

"Na gani da kyau, Malam."

"Ka san shaida tana son mutumin da ya bar abin da kake yi?"

"Ai na tuba."

"Yaushe?"

Mansur ya yi tunani. "Bayan la'asar."

Malam Dabo ya sa hannu ya shafa gemunsa, ya daɗe yana shafawa, kafaɗunsa suna ɗan motsi. Da ya samu kansa sai ya ce shi ba alƙali ba ne, kuma ƙofar tuba ba shi ke riƙe da makullinta ba. Ya riga ya faɗi magana a gaban jama'a, zai kai su biyun, dagaci ya yi nasa binciken. Ya ce a kawo babura.

Kalilu ya ga hanya ta buɗe a gabansa. A ɗauke shi a babur tare da Liman, a shiga da shi zauren dagaci a matsayin mai shaida. Ko da an mayar da maganar daga baya, zai koma gida a ce mutum biyu ne suka gani. Abin da ake bukata daga gare shi kawai shi ne ya yi shiru. Shirun kuwa ya yi masa daɗi a baki kamar wancan abin da ya bari.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "Mansur bai gani ba."

Mansur ya waiwayo. "Kai mutumina, me kake yi haka?"

"Da na taho daga jigawa na wuce shi a rumfar mai faci, yana kwance rub da ciki, fuskarsa cikin tsohuwar taya. Tsallake ƙafafunsa na yi. Ko rana bai ga faɗuwarta ba."

Wannan karon dariyar ta fi ta farko, har mai shayi ya zauna a ƙasa. Liman kaɗai bai yi ba. Ya dubi Kalilu ya daɗe, sa'an nan ya ce a mayar da babura. Ya kira gidan dagaci ya ba da labarin mutum ɗaya kamar yadda yake, aka ce masa an ji, amma babu wani labari daga ko'ina.

"To ga hukunci," in ji Malam Dabo. "Gari ba zai tashi da azumi ba sai an yi sanarwa. Amma kai, Kalilu, ka gani, kuma ganinka hujja ne a kanka. Gobe Ramadan ne a wurinka. Idan ka ci da gangan, da ramuwa da kaffara."

"Ni kaɗai, Malam?"

"Kai kaɗai. Sai kuwa iyalinka, idan sun gaskata ka."

Liman bai yi nufin ba da dariya ba, hukunci ya faɗa kamar yadda ya karanta shi. Amma babu wanda bai san labarin langar tuwon shinkafa ba, don haka sai da aka tayar da ikamar isha'i kafin filin ya natsu.

Bayan salla Mansur ya biyo shi har bakin lungu, yana jan ƙafa yana mita.

"Na yi maka kara, ka kwance mini zani a kasuwa. Ni ban san taya nake ciki ba sai da ka faɗa."

"Ka yi haƙuri. Na gode da niyyarka."

"Niyya ce ai ake dubawa, ko ba haka Malam ke cewa ba?" Ya waiwaya hagu da dama, ya zaro 'yar kwalba daga aljihu. "Ungo. Ranka ya ɓaci, na gani. Kurɓi ɗaya, na bankwana. Tunda kai gobe za ka rufe baki, ai ka fi kowa cancanta."

Kalilu ya dubi kwalbar. Ƙarya ne a ce bai so ba. Maƙogwaronsa ya tuna zaƙinta tun kafin idonsa ya gama ganinta, ya tuna yadda take mayar da dariyar mutane ta zama kamar kukan tsuntsaye a nesa. Hannunsa na dama ya motsa, sai ya damƙe bakin buhun gawon da hannu biyu.

"Mansur, a wurina watan ya riga ya kama. Cikin Ramadan nake tsaye yanzu haka."

Mansur ya dubi ƙasar da Kalilu ke tsaye a kai, ya dubi tasa, ya ja da baya taki ɗaya cikin girmamawa. "To ni ina Sha'aban," in ji shi, ya mayar da kwalbarsa aljihu. "Ka sa ni a addu'a, tunda ka riga mu shiga."

Labari ya riga Kalilu isa gida, domin a Tudun Yelwa magana ba ta bin ƙofa, ta kan danga take tsallakawa. Ya tarar da Ikilima zaune a kan tabarma, 'yar rediyo a gabanta, tuwonsa a rufe. Ya zuba wa awaki gawo, ya daɗe yana zubawa, har awakin suka gaji da shi. Sa'an nan ya zo ya zauna.

"Sannu da zuwa, Malam."

"Yauwa. Kin ji?"

"Na ji an ce in ɓoye kaji."

Ta miƙo masa ruwa da magani. Ya haɗiye, ya buɗe baki ya ɗaga harshe tun kafin ta ce. Ta haska fitila ta duba, ta kuma matso ta shinshini numfashinsa, ta dubi ƙwayar idonsa.

"Yaya girmansa?"

"Ɗan mitsitsi."

"Ya ce maka wani abu?"

"Ko uffan."

"An kira ka daga Daura?"

"Wa ya san lambata a Daura, in ban da mai ba da magani?"

Ta ajiye fitilar. "Ka ji daɗi da ka gan shi?"

"Wallahi, Ikilima, cikina ne ya ɗuri ruwa. Na so a ce wani ne."

Jim kaɗan rediyo ta kawo sanarwa cewa ba a samu tabbacin ganin wata ba, gobe za a cika Sha'aban talatin, jibi a tashi da azumi. Ikilima ta kashe rediyon, ta tattara kwanuka. Kalilu ya so ya ce mata Liman ya ce iyali suna iya bin mutum, amma ya ga ai wannan ma ta ji, kuma ba shi da fuskar da zai roƙe ta ta sake ɗaukar abin da ta taɓa ɗauka. Ya tafi zaure ya yi ashamsa shi kaɗai, shi ne liman shi ne mamu, ya dawo ya kwanta. Ya yi zaton tunani zai hana shi runtsawa. Amma tafiyar jigawa da dariyar gari sun gajiyar da shi, maganin kuma ya yi aikinsa.

Kiran assalatu ne ya tashe shi. Ya tarar da fura a ƙwarya an rufe da faifai, maganinsa a kai, Ikilima kuma ta juya baya tana kwance. Ya sha, ya yi niyya, ya tafi masallaci, inda mai shayi ya tambaye shi cikin ladabi ko a ajiye masa shayinsa zuwa magariba.

Da hantsi ya dawo daga gona. Duk garin hayaƙi ne, domin ranar ƙarshe ce ta cin rana, kowace mace tana soya abin da take da shi. Ƙamshin ƙosai da na wainar gero ya cika lunguna, har yawunsa ya tsinke ya yi istigfari. Gidansa kaɗai ne babu hayaƙi. Murhu a sanyaye, tukunya a kife. Ikilima tana zaune a inuwar ɗaki tana ɓare tsamiya cikin ƙwarya.

Ya ɗauka fushi ne, ko kuma kunyar jiya ce ta hana ta ko da hura wuta.

"Lafiya ba ki ɗora komai ba? Don ni kada ki zauna da yunwa. Ki dafa ki ci, ni zan koma gona."

"Azumi nake."

Ya tsaya. "Ramuwa ce ta rage miki?"

"Na gama ramuwata tun Rajab."

"To na mene ne?"

"Na watan da ka gani." Ba ta ɗago kai ba, tana ta ɓare tsamiyarta.

Kalilu ya nemi wuri ya zauna a kan turmi. "Amma ai ba ki gan shi ba."

"Ban gan shi ba. Kuma babu inda zan je in duba, ya riga ya faɗi." Ta jefa ƙwallon tsamiya gefe. "Jiya na ce bari in ga ko za ka yi barci. Wancan karon kwana ka yi kana zagaya tsakar gida kana tsara yadda za a yi hawan Salla a ƙofarmu. Jiya kuwa minshari ka yi har akuya ta amsa maka. Sai kuma na tuna an ba ka mutum na biyu kyauta, ka ce ba ka so. Na ce mai son a yarda da shi ko ta halin ƙaƙa ba ya yin haka. Sai na tashi na sha fura na yi niyya."

"In kuma idona ne ya yaudare ni?"

"To mun yi wa Allah azumin yini guda bisa kuskure, Shi ya san zukatanmu. Ya fi dai in zaga gari da langa."

Ana cikin haka, sai ga murya ta kan danga, ta Kande maƙwabciyarsu, wadda ita ce ta fi kowa baki a unguwar. "Ikilima, kina ciki? Wutata ta mutu, ɗan sammini garwashi, mai na kan kasko."

Kalilu ya dubi matarsa. Tana iya cewa itace ya ƙare, ko kanta ke ciwo, babu wanda zai sani. Ya yi mata alama da hannu cewa ta faɗi hakan, ya yafe.

Ikilima ta ɗaga murya yadda har gida na uku za a ji. "Ba mu hura ba, Yaya Kande. Azumi muke. Maigidana ya ga wata."

Sai aka ji sawun Kande tana sauri, ba wajen kaskonta ba, wajen gidan da ke gaba. Ba a jima ba dariyar mata ta tashi daga can, ta tsallaka zuwa wani gidan.

Ikilima ta zuba ruwa a kan tsamiyar, ta rufe da faifai. Kalilu ya sunkuyar da kai yana yi wa Allah godiya a ɓoye, hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa.

"Malam, kada ka ɓarnatar da ruwan jikinka, rana da saura," in ji ta. "Tashi ka samo mana ƙanƙara kafin masu Sha'aban su shanye. Kuma don Allah, a hanya ka riƙa duban ƙasa."